Gudun fanfalaki a gindin Dutsen Kwatarkwashi: Yadda gumi ke zama sadaka

A Zamfara ta yau, gudu ba kalma ba ce mai daɗin ji. Idan aka ce mutanen ƙauye kaza sun gudu, ba wanda ke tambayar dalili, domin fiye da shekara goma ke nan 'yan bindiga suka mayar da shi hanyar tsira. Daga gudun ceton rai sai gudun hijira, sai kuma zaman kango a gefen gari da yara masu tamowa a goye. Amma a bakin Bahaushe akwai wata kalma da ita ma da gudu ta fara, wato gudummawa, irin ta mutumin da ya ji kururuwa ko ya hango gobara ya sheƙo domin kawo ɗauki. A kan wannan gudun nake son yin magana da masu karatu, saboda na gwada shi da ƙafafuna, kuma na gamsu cewa yana da amfanin da ya kamata jiharmu ta rungume shi.

Gudun fanfalaki, wanda wasu ke kira gudun ya-da-ƙanin-wani, tsawonsa kilomita 42 ne da mita 195. An fara amfani da wannan awo a gasar Olamfik ta Landan a 1908, aka kuma tabbatar da shi a matsayin ƙa'ida a 1921. Abin da ya fi jan hankalina game da shi ba gwanayen da ke lashe kyauta ba ne, duk da cewa Afirka na alfahari da irin su Abebe Bikila na Habasha, wanda ya ci zinare a Roma a 1960 ba takalmi a ƙafarsa. Abin da ya fi jan hankalina shi ne dubban talakawan da ke biye da gwanayen a baya, waɗanda ba su sa ran kyautar komai, sun fito ne domin tara kuɗin taimako. Gasar Landan da aka fara a 1981 ta tara wa ƙungiyoyin agaji fiye da fam biliyan ɗaya zuwa 2019. A Kanada kuwa, a 1980 wani saurayi mai suna Terry Fox, wanda cutar daji ta sa aka yanke masa ƙafa ɗaya, ya yi gudun kilomita 5,373 cikin kwana 143 da ƙafar roba domin tara kuɗin binciken cutar. Ya rasu a 1981 yana da shekara 22, amma har yau ana yin gudu da sunansa duk shekara.

Tsarin mai sauƙi ne. Mai gudu zai sanar da jama'a cewa zai yi tafiya kaza a rana kaza domin buƙata kaza. Kowa sai ya yi alkawarin abin da zai iya, ko dai dunƙule ko kuma a kan kowace kilomita. Shi ya ba da jikinsa da lokacinsa, su kuma su ba da aljihunsu.

Mu shida ne muka ƙulla wannan niyya a Gusau a ƙarshen daminar da ta wuce: ni da wani malamin makaranta, da ma'aikacin jinya, da tela, da ɗalibai biyu. Abin da ya tunzura mu kuwa yana gaban idon kowa. Duk wanda ya zaga unguwannin gefen Gusau ya ga iyalan da suka baro ƙauyukansu suna zaune a gidajen da ba a gama ginawa ba, mafi yawansu mata da ƙananan yara. Ma'aikacin jinyar cikinmu shi ya fahimtar da mu cewa yaron da tamowa ta yi wa tsanani asibiti yake buƙata da abincin magani na musamman, amma sau da yawa abin da ke hana uwa kai shi bai wuce kuɗin mota ba, abin da ke mayar da shi cikin ciwon bayan an sallame shi kuma rashin abin damawa ne a gida. Sai muka tsayar da manufa guda biyu da ba su fi ƙarfinmu ba: kuɗin kai yara cibiyar lafiya, da sayen gero da waken suya da gyaɗa, waɗanda ake soyawa a niƙa a yi garin kunu.

Burinmu na farko shi ne mu tashi daga Gusau mu bi titin Zariya, mu ratsa Kwatarkwashi mu nufi Tsafe, ƙasar 'Yandoto mai daɗaɗɗen tarihin ilimi. Duk dattijon da muka tuntuɓa ya girgiza kai. Hanyar Gusau zuwa Tsafe zuwa Funtuwa ta yi ƙaurin suna wajen tare matafiya, kuma ba a manta da sace ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau da aka yi a Sabon Gida a watan Satumbar 2023 ba. Ba hikima ba ce mutum ya fita neman ceton wasu ya zama shi ake tara wa kuɗin fansa. Muka ji shawara, muka zaɓi wata kewayayyiyar hanya mai tsawon kilomita 7 a gindin Dutsen Kwatarkwashi da ke Ƙaramar Hukumar Bunguɗu, garin da ya yi suna a tarihi da bikin kamun maiki. Hanyar tana hawa gangaren dutsen ta sauko ta gefen gari, ba ta yin nisa da idon jama'a. Zagaye shida da ɗan ƙari ya cika awon ke nan, hawa shida da gangara shida. Wannan sauyi kaɗai ya ishi mai hankali darasi a kan halin da muke ciki: a jihar da ke taƙama da faɗin ƙasar noma, sai da muka yi ta zagaye wuri ɗaya kafin mu samu kilomita 42 da hankalinmu ya kwanta da su.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mun ɗauki mako 16 muna shiri, daga kaka zuwa tsakiyar hunturu. Kafin komai, kowannenmu ya je an auna masa hawan jini da bugun zuciya da sukari, kuma ina jaddada wannan ga duk wanda ya haura shekara 40 ko yake da wata larura. Sau huɗu muke fita a mako, da zarar an sallame sallar Asuba. Kwana biyu gudu ne na sassarfa, irin wanda mutum zai iya hira da abokinsa yana yi. Kwana ɗaya na tudu ne: a haura da ƙarfi na kamar minti biyu, a sauko a hankali, a sake, daga sau huɗu har muka kai sau goma. Ranar Asabar kuma ta doguwar tafiya ce, wadda muka fara da kilomita 10 muna ƙarawa kaɗan-kaɗan har muka kai 32. Duk mako na huɗu mukan sassauta domin jiki ya murmure, a makonni ukun ƙarshe kuma muka rage aikin sosai. Mai gaggawar ƙara nisa shi ne ke ƙarewa da ciwon gwiwa ko na agara. A nan karin maganar nan ta tafiya sannu-sannu kwana nesa ta zama ƙa'idar likita.

Tudu yana da nasa ilimin. Yawancin mutane hawa suke tsoro, alhali gangara ce ke kassara ƙafa. Wajen hawa, zuciya da huhu ne ke shan wahala, kuma da an kai ƙoli sai numfashi ya dawo. Wajen sauka kuwa, naman gaban cinya ne ke riƙe nauyin jiki kamar birki, yana miƙewa yana kuma ƙoƙarin tsukewa a lokaci guda, abin da ke haddasa ƙananan tsagewa a cikinsa. Ba a jin illar nan take, sai can gaba, lokacin da ƙafa za ta yi nauyi kamar an ɗaura mata turmi. Maganin abin shi ne a gajarta taku wajen hawa, a bar sauri ya ragu muddin numfashi bai sauya ba, sannan wajen sauka kada a saki jiki ko a riƙa dira da dunduniya da ƙarfi. Wanda ya yi gardama da tudu a zagayen farko zai biya bashin a na biyar.

Akwai kuma lissafin abinci. Mai gudu yakan ƙona kimanin kalori ɗaya a kan kowane kilo na nauyinsa a kowace kilomita, don haka mutum mai kilo 70 na buƙatar kusan kalori 3,000 kafin ya gama. Sukarin da jiki ke ajiyewa a hanta da tsoka kuwa bai fi na kalori 2,000 ba. Shi ya sa ƙarfin mutane da yawa ke yankewa farat ɗaya tsakanin kilomita 30 da 35. Ba mu nemi wani abincin kanti ba. Tuwo da shinkafa da dankali a kwanakin da suka gabaci gudun, kunu da ayaba da asubar ranar, sai dabino da muke jefawa a baki duk bayan rabin sa'a. Ruwa kuma da awo, tare da ɗan gishiri da sukari, domin kwankwaɗar ruwa zalla fiye da kima yana tsarma gishirin jini, kuma hatsarinsa bai gaza na ƙishirwa ba. Lokaci ma zaɓa muka yi. A Gusau zafin bazara kan haura digiri 40, don haka tsakanin Maris da Mayu ba lokacin wannan aiki ba ne. Disamba da Janairu sun fi dacewa, duk da ƙurar hunturu da ke busar da maƙogwaro. Takalmanmu na gwanjo ne, tufafinmu kuma dogon wando da riga mai sauƙi, babu abin da zai sa mutum jin kunyar gaisawa da surukinsa.

Abin da ya fi wuya a shirin ba ciwon ƙafa ba ne, kallon mutane ne. A wata safiyar Asabar muna gwajin hanyar, wani dattijo da ke kan hanyar gona ya hango mu mun gangaro a guje. Nan take ya yar da gatarinsa ya juya zai koma gari. Da muka tsaya muka gaishe shi, sai ya dube ni da Zamfarcinsa ya ce, "Ɗana, mi yaf faru? Su na?" Na ce, "Baba, lafiya lau, ba kowa. Gudu ne muke yi don mu tara wa yaran 'yan gudun hijira abin kunu." Ya daɗe yana kallonmu kafin ya ce, "To, Allah Shi ba da lada. Amma ku riƙa faɗi tun daga nesa." Daga ranar muka je muka yi wa masu unguwanni da limamai da jami'an tsaro bayani, muka kuma sa wani yaro ya riƙa wucewa gabanmu a kan keke yana sanarwa. A ƙasar da ganin namiji a guje ke tayar da hankalin gari, gudun motsa jiki ma sai da izini.

Ranar da muka sa, wata Asabar ce a watan Janairu. Mun tashi gari na wayewa, sanyi na ratsa ƙashi. Zagaye uku na farko sun wuce cikin raha. A na huɗu rana ta ɗaga, hira ta mutu. Ɗaya daga cikin ɗaliban ya tsaya a kilomita 28 saboda ɗaurewar jijiya, telan kuma ma'aikacin jinyarmu ne ya dakatar da shi a zagaye na biyar da ya ga jiri na ɗibarsa, ba mu kuwa yi musu ba, domin tun farko mun amince cewa maganarsa ita ce ta ƙarshe. A hawa na shida ban iya gudu ba, takawa na yi ina dafa gwiwa. Abin da ya riƙe ni lissafi ne: na san abin da jama'a suka yi alkawari a kan kowace kilomita, na kuma san mudun gero nawa zai saya. Mu huɗu muka kammala, na ƙarshenmu bayan kusan sa'a shida, yaran gari na biye da shi suna kirari.

Abin da muka tara bai kai abin da wani mai hali ke kashewa a kamun bikin 'yarsa ba. Amma yadda aka tara shi ne ya koya mini abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Mafi yawan masu bayarwa ba attajirai ba ne. Wani mai shayi a Tudun Wada, wanda kullum yake ganin wucewarmu da asuba, shi ya tare ni ya ce, "Malam, ni ma rubuta ni, naira 50 a kan kowace kilomita." Ranar da na koma masa da labarin mun gama, ya ƙirgo naira 2,100 daga cikin gwangwaninsa ba tare da na tuna masa ba. Na tabbata da takardar neman taimako na kai masa da ba zai ba da ko kwabo ba, ba don rowa ba, sai don ya sha ganin ana tara kuɗi da sunan marayu da 'yan gudun hijira, daga nan ba a sake jin labari. Matsalar sadaka a cikinmu ba ƙarancin tausayi ba ce, ƙarancin yarda ce. Mutumin da aka gani yana fita cikin sanyi har wata huɗu ya riga ya ajiye jingina a gaban jama'a, gani kuwa ya kori ji.

Sai dai gumi kaɗai ba ya wanke mutum daga zargi. Mun ɗora riƙon kuɗin a hannun mutum uku da ba sa cikin masu gudu. Duk abin da ya shigo an rubuta, duk abin da ya fita da rasiɗi. Ruwa da man mota da takalma daga aljihunmu suka fito, ba a taɓa ko sisin masu bayarwa ba. Bayan rabon kayan, an karanta lissafin a gaban waɗanda suka samu halarta, sauran kuma aka tura musu ta WhatsApp. Ba mu ɗauki hoton ko uwa ɗaya tana karɓa ba, domin wanda yunwa ta kora daga gidansa bai kamata a ƙara masa da tallar fuskarsa ba.

Na ji ƙorafe-ƙorafe guda uku, kuma duk sun cancanci amsa. Na farko, cewa wannan wasan Turawa ne. Ai Bahaushe ya san tsere da langa da farauta, ya san zagagen da ke gudu gaban dokin sarki. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tsere da Nana A'isha, kuma duk alhajin da ya yi sa'ayi tsakanin Safa da Marwa yana tuna wata uwa ce da ta yi kai-kawo tsakanin duwatsu biyu tana nema wa ɗanta ruwa. Na biyu, cewa akwai riya a ciki. Niyya tsakanin bawa da Ubangijinsa take, amma bayyana aikin alheri domin wasu su yi koyi ba baƙon abu ba ne, kuma gayya ma a fili ake yin ta. Na uku, wanda ya fi nauyi, cewa irin wannan taimako na sauke wa gwamnati nauyin da ke kanta. Gaskiya ne garin kunu ba zai mayar da kowa gonarsa ba, kuma tsaron rai da dukiya haƙƙi ne da ba wani gudun da zai maye gurbinsa. Amma yaron da ke ramewa a yau ba zai jira a gama sasanta lamarin tsaro ba. Bugu da ƙari, taron mutane a fili domin 'yan gudun hijira tunatarwa ce ga masu mulki cewa ba a manta da su ba.

Wasu jihohin sun riga sun gane darajar tuddansu. Kuros Riba ta fara gasar hawan tsaunin Obudu a 2005, ta kimanin kilomita 11, wadda ta jawo gwanaye daga ƙasashen waje. Garin Okpekpe na Jihar Edo, wanda da can ba kowa ya san shi ba, ya shiga bakin duniya saboda tseren kilomita 10 na hawa da gangara da aka fara a 2013. Legas na yin nata gudun fanfalakin tun 2016, Kaduna ta yi na kilomita 21 a watan Nuwambar 2020, kuma yawancin 'yan Nijeriya da ke yin fice a dogon gudu daga tuddan Filato suke fitowa, musamman yankin Pankshin. A Afirka ta Kudu, gasar Comrades mai kusan kilomita 90 tsakanin Durban da Pietermaritzburg, wadda manyan tuddanta biyar suka yi suna, an fara ta ne a 1921 domin tunawa da sojojin da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Wato daga baƙin ciki aka haife ta. Mu ma muna da duwatsu a Kwatarkwashi da Tsafe, muna da matasa masu jini a jika da zaman banza ke neman lalatawa, muna kuma da namu mamatan da marayun.

Shawarata ga ƙungiyoyin matasa da na likitoci da 'yan kasuwa da masarautunmu ita ce a tsayar da rana ɗaya duk shekara a cikin hunturu. A fara da kilomita 5 da 10 da 21 domin kowa ya samu shiga, cikakken awon ya biyo baya idan an ƙware. A yi shi a kewayayyiyar hanya kusa da gari, da amincewar jami'an tsaro, da motar asibiti a tsaye. A tanadar wa mata nasu tattakin a killataccen fili. A fayyace buƙata guda ɗaya tun kafin a karɓi kuɗin kowa, a damƙa amanar ga mutanen da aka sani, ko a haɗa kai da Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha, sannan a buga lissafin a jarida. Kada kuma a bari hoton ɗan takara ya hau rigar masu gudu, domin da zarar siyasa ta shiga, rabin masu bayarwa za su janye hannu. A riƙa karɓa-karɓa tsakanin Gusau da Bunguɗu da Tsafe gwargwadon yadda hali ya bari.

Hukumomi na da hanyoyinsu na auna zaman lafiya. Ni nawa ma'aunin mai sauƙi ne: ranar da ɗaruruwan 'ya'yan Zamfara za su tashi daga Gusau da asuba, su bi babban titi a ƙafa har Tsafe, ba rakiyar bindiga, iyayensu kuma na gida hankali kwance, ranar ce za mu ce lafiya ta dawo. Kafin zuwanta, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma akwai yaran da ke jiran abin damawa gobe da safe. Mai ƙafa ya ba da ƙafarsa, mai naira 50 ya ba da tasa.

Allah Ya mayar da waɗanda aka raba da gidajensu, Ya jiƙan waɗanda muka rasa, Ya ba Zamfara da Nijeriya baki ɗaya lafiya mai ɗorewa.